Lodin babur: me ya sa kai ke rawa, kaya kuma ke rinjaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon tireda a wani ƙauye gaba da Ɗambatta. Sau biyu a mako nake shiga Kano in yi sayayya a kasuwar Singa da babur ɗina Boxer. Nakan ɗauro buhun sukari ɗaya, katan uku na taliya, katan ɗin sabulu, jarkar man gyaɗa mai lita 25, da 'yan ƙananan kaya. Da na hau kwalta na ɗan ƙara wuta sai kan babur ya kama rawa a hannuna, kayan kuma duk yadda na ɗaure su da roba sai sun karkace gefe guda. In na isa gida, bayana kamar an yi mini duka. Wani ya ce in sa mai walda ya ƙara wa kariyar tsawo ta baya. Hakan zai yi magani? Sannan wani lokaci nakan biya in ɗauko mai ɗakina daga gidansu a kan hanya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa albarka a kasuwa.

Kada ka ƙara wa kariyar nan tsawo ta baya. Wanda ya ba ka shawarar da zuciya ɗaya ya ba ka, amma maganin nasa shi ne cutar. Riƙe kuɗin waldar tukuna, akwai aikin da za ka ba mai waldar, ba dai wannan ba.

Na yi acaɓa a cikin Kano shekara da shekaru, har zuwa Janairun 2013 da gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni. Daga nan na koma gyara, sana'ar da na koya tun ina yaro. Masu kawo mini aiki yanzu galibi irinka ne: masu tireda, masu kai burodi, masu cin kasuwar ƙauye, Lahadi suna Ɗambatta, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil. Kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa mini da kukan "kan mashin ɗina yana rawa", in na hau shi ba kaya sai in same shi lafiya lau. Babur ɗin ba shi da laifi, zaman kayan ne.

Ka taɓa ganin amalanken jaki da aka tara wa kaya a can ƙarshen baya? Sandunan gaba sai su ɗaga, har ka ga jakin yana neman barin ƙasa, yana laluben inda zai taka. Abin da kake yi wa babur ɗinka ke nan. Tsakiyar tayar baya, inda ƙarfen nan ya ratsa ta, nan ne madogara. Duk abin da ka ɗora gaba da wurin, tayoyin biyu ne ke raba nauyinsa. Abin da ya wuce shi ta baya kuwa, danna baya yake yi yana ɗaga gaba.

Ga lissafin, ka riƙe shi. A irin waɗannan ƙananan babura, su Boxer da Jincheng da Haojue, daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya kusan mita ɗaya da kwata ne. Buhun sukarinka kilo 50 ne. In ya zauna santimita 25 a bayan tsakiyar taya, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori, to ya sauke wa tayar gaba kilo 10, tayar baya kuma kilo 60 take ji, ba 50 ba. Mai walda ya ƙara tsawo, buhun ya ja baya zuwa santimita 50, abin da tayar gaba ta rasa ya zama kilo 20. Ka jibga masa katan-katan a kai har su kai kilo 100, ya zama 40. Ita kuwa tayar gaban nan, duk abin da take ɗauka da kai a zaune bai fi kilo 70 zuwa 80 ba. Ka ga ka raba ta da rabin nauyinta. Taya ba ta kama ƙasa sai an danna ta, kuma ta gaban ita ce ke juya ka, ita ce ke riƙe da mafi yawan birkinka. Rawar da kake ji a hannu, tayar ce ke shafar kwalta maimakon ta taka ta.

Kakanninmu fatake sun gama wannan lissafi tun kafin a ƙera babur. Ba mai tara wa jaki kaya a ƙugu wajen wutsiya. Akumari ake sawa a tsakiyar baya, a raba kaya biyu a mangala, su sauko gefe da gefe a kan haƙarƙari, ƙasa-ƙasa. In gefe ɗaya ya fi nauyi, sai an daidaita kafin a kaɗa jakin, domin an san kayan da ya fara rinjaya a ƙofar gari ba zai kai zango ba. Ni a ganina wannan ne gaba ɗayan ilimin lodin babur, sauran duk cikon bayani ne: mai nauyi ya sauko ƙasa, ya matso gaba, a raba shi biyu daidai.

To ga aikin mai walda. Ya ƙera maka mangalar ƙarfe, wato mazaunin kaya guda biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, a gefen tayar baya daidai wajen shokazoba, kowanne da ɗan gindin da jarka ko katan zai zauna a kai, da raga ta ciki da za ta raba kayan da taya. Amma ka tsaya a kansa yana yi. Kada ya narka ta a jikin firam ɗin babur, da noti za a ɗaure ta, domin zafin walda yana raunana ƙarfen firam, kuma wurin da aka ƙona nan ne yake fara tsagewa. Faɗinta duka kada ya wuce faɗin kan babur: inda hannuwanka suka wuce a cunkoso, kayanka ma su wuce. Kada ta sauko ƙasa da yawa har ta riƙa kartar ƙasa in ka kwanta a kwana. Ɓangaren dama kuma, inda salansa yake, a bar tazarar aƙalla yatsa huɗu, a sa ɗan katako ko gwangwani a tsakani. Na ga jarkar da salansa ya huda, na ga buhun da ya narke yana zubar da shinkafa tun daga kasuwa mai shi bai sani ba.

In mangalar ta samu, ga yadda zan jera kayan naka. Jarkar mai a hagu, nesa da salansa. Lita 25 na man gyaɗa kilo 23 ne ko kusa da haka. A dama katan biyu na taliya, kowanne kilo 10 tunda ƙulli 20 ne na rabin kilo, ka ƙara musu ɗan wani abu su yi daidai da jarkar. Buhun sukari ya kwanta a gicciye a kan kujerar goyo, dab da bayanka. Wurin nan an yi shi ne don mutum mai kilo 60 ko 70 ya zauna, shi ne wuri mafi ƙarfi a jikin babur bayan mazauninka. Sauran katan ɗin taliya da sabulu su hau kan buhun. Kariyar baya kuwa, wadda kake son ƙara wa tsawo, ba ta marasa nauyi masu cin wuri: biskit, alewa, ashana, ledoji. Tsayin kayan kada ya haura kafaɗarka. Kaya mai tsayi yana jan babur ya kwanta da kansa a kwana, in kuma ya fara kwanciya ba ka da ƙarfin tayar da shi.

Ledojin da ake ratayawa a kan babur, hagu da dama wajen madubi, ka daina. Duk abin da ke lilo a can yana juya maka kai ba da izininka ba. In za ka sa wani abu a kan tanki, ya zama ƙarami mai laushi, ka ɗaure shi, sannan ka juya kan babur hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, ka tabbata bai tokare ba. Akwai kuma wani abu da mutane ba su sani ba: murfin tanki yana da ɗan ƙaramin rami da yake shaƙar iska. Leda ko buhu ya toshe shi, sai mai ya daina sauka, babur ya riƙa shaƙewa yana mutuwa a hanya, kai kana zargin fulogi.

Sai maganar yawan kayan, wadda na san ba za ka so ta ba. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan babura suna rubuta iyakar abin da za a ɗora musu a ɗan littafin da ake bayarwa tare da sabon babur, wanda kowa ke jefarwa ranar da ya cire leda. Galibi tsakanin kilo 130 ne zuwa 160, kuma har da kai direban a ciki. Tara naka: sukari 50, taliya 30, mai 23, sabulu da tarkace a ce 15. Kilo 118 ke nan. Ka ƙara kanka, a ce 65, an haura 180. Ka riga ka wuce iyaka tun kafin ka biya gidan surukai. Na san amsar da za ka ba ni, cewa ga wane can yana ɗaukar buhun masara biyu daga Dawanau kuma bai mutu ba. Gaskiya ne babur zai ja, injin ba ya musu. Tambayar ita ce ko zai tsaya lokacin da akuya ta faɗo titi. Duba gefen tayarka ta baya, an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma a yawancin tayoyin irin wannan babur bai kai kilo 200 ba. Tunda sau biyu kake shiga gari a mako, raba masu nauyin: ranar sukari daban, ranar mai daban.

Yanzu ɗauri. A nan zan ɓata wa mutane da yawa rai, domin robar tif ta zama kamar gado a wurinmu, ba babur ɗin da za ka gani ba ta naɗe a kariyarsa. Ni ma ina amfani da ita. Amma roba aikinta dannawa ne, ba riƙewa ba. Halinta ke nan ta miƙe. Ka faɗa rami, buhu ya yi sama, robar ta miƙe ta ba shi hanya, ya dawo ya zauna ba daidai inda ya tashi ba. Yatsa ɗaya a wannan rami, yatsa biyu a na gaba, kafin ka yi rabin hanya kayan sun koma gefe. Abin da ke faruwa da kai ke nan, kuma ko roba goma ka ƙara haka za a yi. Ga shi rana tana cin ta. Ja ta ka duba da kyau, in ka ga ƙananan tsage-tsage a jikinta to kwananta ya ƙare, kuma ba ta sallama in za ta tsinke. Ta kanti mai ƙugiyar ƙarfe a baki ta fi wannan sharri, in ta kuɓuce ido take nema.

Kaya mai nauyi igiya yake so, igiyar da ba ta miƙewa, mai kaurin ɗan yatsa, ko kuma bel ɗin lodi mai abin ɗamewa in kana da halinsa. Ɗaurin da nake koya wa yarana shi ne na 'yan lodin manyan motoci. Ka ƙulla bakin igiyar a ƙarfen gefe ɗaya, ka haye da ita kan kayan. Kafin ta sauka ɗaya gefen, ka yi ɗan zobe a jikinta ka ƙulle shi. Sai ka zagaya da jelar ta ƙarƙashin ƙarfen wancan gefen, ka dawo da ita sama, ka zura cikin zoben, ka ja ƙasa. Za ka ji ƙarfinka ya ninka, igiyar ta ɗame har tana ƙara in ka taɓa ta. Ka danne da yatsa, ka yi ƙulli biyu a ƙasan zoben. Ka koye shi a gida da yamma, ba a bakin kasuwa ana yi maka oda ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Igiya biyu dabam-dabam za ka yi amfani da su, ba guda ɗaya doguwa da ka yi ta naɗawa ba, don in ɗaya ta saki ɗayar ta riƙe. Su gicciye juna a kan kayan, ɗaya ta hana su zamewa gefe, ɗaya ta hana su zamewa gaba ko baya. Mai nauyi a ɗaure shi shi kaɗai tukuna, sannan a ɗora na sama a yi masa nasa ɗaurin. A nan roba take da amfani, ta danne ƙananan kayan sama da tamfol ɗin da ka rufa saboda ruwa ko ƙura. A jikin firam ko ƙarfen kariya ake ɗaurewa. Ba a ɗaure wa shokazoba, ba a ɗaure wa sandar sigina, ba a bi ta kan wayar birki. Inda igiya ta hau kaifin ƙarfe ko kusurwar katan, sa ɗan tsumma ko kwali.

In ka gama, kama kayan da hannu biyu ka girgiza da ƙarfi. In babur ya motsa tare da su kamar jiki ɗaya, ɗauri ya yi. In kayan ne kaɗai suka motsa, kwance ka sake. Kuma ko ya yi, ka tsaya bayan kilomita biyar ko goma na farko, in ta Dawanau kake fita to ka tsaya a nan, ka sake jan igiya. Sukari da hatsi da taki duk suna kwanciya da girgizar hanya, buhun da ka ɗaure tam a kasuwa sai ka tarar ya saki.

Jelar igiya kuwa, ka naɗe ta ka cusa, kada ka bar ko taƙi ɗaya yana lilo. Ina da dalilin da nake zafi a kan wannan. Wata shekara da kaka ina dawowa daga ƙauyenmu da gero, na ɗaure shi da kyau, amma na bar jela kamar kamu biyu, na ce ai ba nisa. Ba gudu nake yi ba. Sifok ya kama ta ya naɗe, tayar baya ta ƙame nan take, ban san lokacin da na bar kan babur ba. Karaya a kafaɗa, wata biyu ina zarya wurin mai ɗori, har yau in sanyin hunturu ya shigo sai ta tuna mini. Geron kuwa ko ƙwaya bai zube ba.

Shi ma babur ɗin sai an shirya shi wa kaya. Iskar taya ita ce ta farko. Mai faci yakan latsa da babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa da sifana ya ce ta yi. Ce masa ya sa geji. A yawancin irin waɗannan babura, gaba 25 ne, baya 28 in kai kaɗai ne, 32 in da goyo ko kaya, amma abin da aka rubuta a jikin naka shi ne gaba da maganata. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Tayar baya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi tana lanƙwashewa, ta yi zafi, ta sa bayan babur ya riƙa yawo, ƙarshenta ta fashe. Ta gaba mai ƙarancin iska kuma ita ma tana kawo rawar kai.

Shokazoba na baya, duba ƙasansa, za ka ga wani zobe mai hawa-hawa, galibi mataki biyar. Ba ado ba ne. In za ka yi lodi, murɗa shi zuwa mataki na huɗu ko na biyar, kuma hagu da dama su zama a mataki ɗaya. Mutane da yawa har babur ya tsufa ba su taɓa shi ba. In baya ya zauna ƙasa da yawa, gaba yana ƙara ɗagawa, fitilarka ta koma haska rassan bishiya da idon mai zuwa maimakon ramin da ke gabanka. Sarƙa kuma a duba ta da kayan a kai, kai ma kana zaune, ta samu wasan santimita 2 zuwa 3. Wadda aka ɗame babur yana wofi, in lodi ya hau sai ta ƙara ɗamewa, ta ci haƙoran da take hawa, wata rana ta tsinke. Sifok ɗin baya a riƙa ƙwanƙwasa su, wanda ya yi ƙarar da ta bambanta da ta 'yan'uwansa ya saki. Danjar baya da lamba kada kaya su rufe su, don mai tirelar da ke bayanka da magariba, da kuma jami'an hanya.

In ka gyara zaman kayan, ka daidaita iska, kan bai daina rawa ba, ko kuma yana yi ko ba kaya, to sai a kawo shi gareji. Boris ɗin wuya ne ya ci, ko rim ya lanƙwashe, ko bushin ƙafar baya ya mutu.

Tuƙin mai kaya dabam ne da na wanda ya fito shan iska. A gudun kilomita 60 a awa, kowace daƙiƙa kana cin kusan mita 17. In ka ninka gudu, nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai sau huɗu yake ninkawa, ba sau biyu ba, balle ga nauyi yana tura ka. Da irin kayanka ni ba na wuce 50 ko a kwalta mai kyau. Birki biyun ake kamawa tare, a hankali da farko sannan a ƙara. 'Yan acaɓa da yawa sun taso da tsoron birkin gaba, wai yana kifar da mutum. Wanda ya fizge shi a kan yashi ko a tsakiyar kwana shi yake kayarwa, amma a miƙaƙƙiyar kwalta shi ne mai tsayar da kai. A gangara ka sauko da giya, injin ya riƙe ka, domin birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi ya daina kamawa. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. In ka sauka daga kwalta ka shiga yashin hanyar ƙauyenku, giya ta biyu, wuta daidai ba ƙari ba ragi, hannu sake, ido can gaba, ka bar birkin gaba ya huta. Tirela in ta taho, matsa gefe ka riƙe da kyau, iskarta tana tura mai faɗin kaya sannan ta jawo shi. Haka iskar da ke zuwa gaban hadari da damina: in ka ga ta taso, nemi wuri ka tsaya.

Wurin lodi ma, kafe babur a kan jak na tsakiya a ƙasa mai tauri, ko wani ya riƙe maka kai. Ƙaramin jak na gefe yana nutsewa a yashi, babur ya kife da rabin kaya a kai.

Ciwon bayanka daga nan duk ya samo asali. Kaya sun cinye kujera sun turo ka kan tanki, gwiwa a takure, hannu a sandare kana kokawa da kan da ke rawa har tsawon tafiyar, shokazoba ya ƙure yana miƙa wa ƙashin bayanka kowane rami kai tsaye. Fara auna mazauninka tukuna: zauna inda ka saba zama ba kaya, ka sa alama, kaya su fara daga bayan alamar. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, ƙafafu biyu su iya taka ƙasa. Abin da zai taɓa bayanka ya zama mai laushi, buhun sukarin ma ya isa majingina in ka sa masa ɗan bargo, amma kusurwar katan ko bakin jarka ba su dace da nan ba. Jakar goyo in ta yi nauyi ka sassauta igiyoyinta ta zauna a kan kayan, kafaɗarka ta huta. Kada ka sa sifana, sukudireba, kwalba ko wuƙa a cikinta ko a aljihu, domin in aka faɗi a kansu ake faɗuwa. Ka tsaya ko sau ɗaya ne a hanya, ka sauka ka miƙe, ka sha ruwa, da ma ga igiya tana jiran a duba ta.

Tunda kana harkar jarka, ka san cewa cikakkiya ta fi rabi sauƙin ɗauka. Rabin jarka ruwan ciki yana kai da kawowa, ka taka birki ya doke ka daga baya, ka shiga kwana ya koma gefe. Fetur a jarka kusa da salansa kuwa ban ma son jin labarinsa, ga shi a 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina sun hana sayar da shi a jarka saboda matsalar tsaro, don haka mai yawo da shi yana iya jawo wa kansa tambayoyin da ba shi da amsarsu. Tukunyar gas a tsaye ake ɗaukar ta, a rufe, nesa da zafi. Kwanon rufi, rodi, gilashi, doguwar katifa, waɗannan ba kayan babur ba ne ko da ka ga ana yi. Kwanon rufi a gicciye wuƙa ce kake yawo da ita a tsayin wuyan mutane. Ba wa mai kura ko mai a-daidaita-sahu.

Saura maganar mai ɗakinka. Kujerar da na ce ka kwantar da buhun sukari a kai, tata ce. Ba za su zauna a nan su biyu ba, kuma in ka tura buhun kariya don ta samu wuri, mun koma amalanken jakin nan, da ƙarin mutum a kai. Ɗora mace a saman kaya, ƙafafunta ba sa kai mataki, ba abin da za ta riƙe, wannan ganganci ne. In kuma a gefe take zama kamar yadda wasu matanmu suka saba, nauyinta yana ɓangare ɗaya, sai ka rage kayan wannan ɓangaren.

Abin da ya fi ba ni tsoro a goyon mata shi ne tufafi. Bakin hijabi, gefen zane, jelar mayafi, duk irin jelar igiyar nan tawa ce, sai dai wannan a wuyan mutum take. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, doka ce a sa wa babur raga a gefen tayar baya saboda dogayen tufafin matansu. Mu nan ko ta zo da babur sai a cire wai tana ɓata masa kyau, haka murfin sarƙa. Mangalar ƙarfen da na ce a yi maka da raga ta ciki za ta yi wannan aikin, in kuma an cire murfin sarƙarka a mayar. Kafin ka tayar, juyo da kanka ka duba ta tattare hijabin ta zauna a kansa, babbar rigarka kai ma haka. In da jariri a bayanta, kada wani kaya mai tauri ya kasance inda kansa zai buga. Yaro a kan tanki kuwa, shi ne zai fara isa ƙasa.

Hular kwano biyu za ka saya, taka da tata, masu maɗauri a haɓa. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta a farkon 2009, mun ga 'yan'uwanmu a Kano suna kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai, muka yi ta dariya. Wasu daga cikin waɗanda muka yi dariyar tare da su, raunin kai ne ya yi ajalinsu.

Ranar da ka san za ka biya ka ɗauko ta, kai buhun sukarin da jarkar tasha ka ba direban motar garinku ya sauke maka su a bakin hanya, kai kuma ka taho da ita da 'yan katan biyu a mangala.